Ba Don Gizo Ba: Wa Ke Kare Mai Ba da Labari?

Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa rufe tatsuniya ba tare da ta wanke kanta ba. Idan ta kai ƙarshe, muna zube a tabarma wasu har sun fara gyangyaɗi, sai ta ce, "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wani lokaci ta ƙara da cewa da ma ƙaryar take shara mana. Shekara da shekaru na ɗauki wannan jimla a matsayin sallama kawai, alamar kowa ya nemi makwancinsa. Sai da na kai aji huɗu a jami'a, ina fama da kundin kammala digiri a sashen Hausa, na zauna na dube ta da kyau, na ga ashe ba ƙaramar dabara aka binne a cikinta ba. Tsohuwa ta gama ba mu labarin sarkin da aka yi wa wayo, da malamin da kwaɗayi ya kai ya baro, da matar uban da ta gallaza wa marainiya, alhali a gidan da muke zaune akwai kishiyoyi, akwai kuma marainiya. Kowa ya ji, wanda ya tsargu ya tsargu. Amma wa zai kama ta? Ai ba ita ta faɗa ba, Gizo ne.

Duk lokacin da aka tayar da zancen 'yancin faɗar albarkacin baki a adabi, mu ɗalibai mukan yi tsalle mu dira a kan kundin tsarin mulki. Sashe na 39 na kundin 1999 ya ba kowa damar bayyana ra'ayinsa, sashe na 45 kuma ya ce ana iya taƙaita wannan dama saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a da makamantansu. Shi ke nan sai aji ya rabu biyu, waɗannan su riƙe 39, waɗancan su riƙe 45, a yi ta musu har malami na gaba ya leƙo. Na gaji da wannan musu, don bai taɓa warware mini abin da nake gani da idona ba. Magana ɗaya ce tak: a faɗe ta a tatsuniya a yi dariya, a rubuta ta da Turanci a ba da kyauta, a rubuta ta da Hausa a ɗan littafin da ake sayarwa a bakin kasuwa a cinna mata wuta. In maganar ba ta canza ba, to ba ita ake hukuntawa ba. Ana duba bakin da ta fito ne, da rigar da ta sanyo, da kunnen da za ta shiga.

Bahaushe bai taɓa rasa hanyar faɗar abin da ba a faɗa ba, sai dai kullum yakan kafa wa maganar rumfa. Tatsuniya tana da lokacinta, ba a yin ta da rana, an kuma bar ta a hannun tsofaffin mata da yara, wato mutanen da ba a ɗauki zancensu a bakin komai ba. Wannan rainin shi ne garkuwarta. Macen da uwar miji ta isa ba ta da bakin mayar da martani, amma in ta kama taɓarya ko ta durƙusa gaban dutsen niƙa sai ta zuba abin a waƙa, duk gidan ya ji, babu kuma mai cewa ta yi rashin kunya. 'Yan kama suna kwaikwayon karatun malamai, su juya shi zuwa zancen tuwo da miya, a yi ta dariya. A lokacin tashe, da zarar azumi ya kai goma, yaro zai manna gemun auduga ya yi wa tsoho shaƙiyanci a ƙofar gidansa, a kuma ba shi sadaka. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu da halayen da kowa ya sani amma ba mai furtawa. Makaɗin fada yana yabon ubangidansa yana saƙa wa abokin hamayyarsa zambo, ba ya kama suna, sai dai ya siffanta rawanin mutum ko yadda yake taku. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Kada dai a yi wa abin ado fiye da kima. Wannan ba 'yanci ba ne irin wanda lauyoyi ke nufi. Aro ne. An ara maka fili da lokaci da abin rufe fuska, da sharaɗin in gari ya waye ka mayar. Duk da haka aron ya biya buƙata, domin wanda aka yi da shi ya ji, kuma bai sami hanyar ramawa ba sai ya tona kansa.

Wahalar ta soma ne ranar da labari ya hau takarda. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar talifi a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko don shiga gasa. Daga baya shi da kansa ya ba da labarin irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kan malamai. A wurinsu alƙalami na ilimi ne da addini, ba da labari kuwa aikin mata ne da yara, to ta yaya babban mutum zai zauna ya rubuta abin da bai faru ba? A baki kana iya jingina ƙaryarka da Gizo, iska ta tafi da ita. A takarda sunanka ne a bango. Waɗanda suka amsa kiran sun nemi mafita ta hanyar nesanta labarin da ƙofar gida. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce zuwa ƙasashen al'ajabi. Ganɗoki na Bello Kagara ya taɓo yaƙi da Turawa, sannan ya tsallaka duniyar aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma zamanin cinikin bayi. Da Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce 'yan shekaru bayan haka, sai ya ɗora labaran a bakin aku. Ni dai a karatuna wannan akun Gizo ne ya yi fukafukai: tsuntsu ne ke gaya wa ɗan sarki da fadawa gaskiya, marubucin yana gefe hannunsa a wanke.

Akwai kuma abin da ba mu cika lura da shi ba idan muna yabon wancan zamani da cewa littattafansa masu tsafta ne. Ƙofar ɗab'i kusan ɗaya ce. Daga hukumar talifi zuwa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, zuwa hukumar adabin Arewa ta NORLA ta shekarun 1950, zuwa kamfanin buga littattafai na NNPC da ya zo a 1966, duk a Zariya ake, edita na zaune a bakin ƙofa, kasuwar kuma mafi yawa makarantu ce. Inda ƙofa ɗaya ce ba a buƙatar hukumar tacewa. Mai gadi ya wadatar.

A shekarun 1980 ne katangar ta tsage. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausar boko, da yawansu ba su yi nisan da za su ji daɗin littafin Turanci ba. A daidai lokacin tattalin arziki ya durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Sai matasa suka fara tara kuɗinsu, su kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u a Kano, su raba wa masu sayar da littattafai, daga nan ya bazu har Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Wanda bai iya saye ba ya karɓi haya. Mata suka shigo da ƙarfinsu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta labarai a kan auren wuri da sakin wulaƙanci da mijin da ke watsar da iyalinsa saboda sabuwar amarya. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ya karaɗe ko'ina. A waɗannan littattafai babu aku, babu ƙasar aljanu. Mugun sunansa Alhaji, motarsa irin wadda ake gani a titi ce, unguwarsa sananniya ce, sunan marubuciya kuma yana bango ɓaro-ɓaro. An sallami Gizo daga aiki, kuma tun daga ranar mai ba da labari ya tsaya a rana shi kaɗai.

Masana suka yi ta kai ruwa rana a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana kuma ganin ba zai yi ƙarko ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya a kan cewa adabi ne na zamaninsa, a karanta shi tukuna kafin a yanke masa hukunci. Wannan muhawara mai daɗi ce, don ta alƙalami ce da alƙalami.

Wadda ta biyo baya ba ta alƙalami ba ce. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. Shekarun farko hankalinta ya fi karkata ga fim. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa don gyaran tarbiyya, ta shirya taron ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata. A wannan shekarar aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka tsaurara matakai, masu fim da mawaƙa suka riƙa gurfana gaban kotun tafi-da-gidanka, har aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A 2008 ɗin ne kuma hukumar ta nemi kowane marubuci ya je ya yi rajista da ita, ya kuma miƙa rubutunsa a duba kafin ya kai maɗaba'a. Ƙungiyoyin marubuta suka ce ba su san zance ba, rigimar ta cika shafukan jaridu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan tarihin shi ne wurin da aka zaɓa a hura wutar. Ba ƙofar maɗaba'a ba, ba rumfar mai sayarwa ba, makarantar 'yan mata. Ni ma makarantar kwana na yi, shekaru bayan wancan taro, kuma na san daren da ake kunna fitila a ce kowa ta tsaya bakin akwatinta. An taɓa zaro littattafai biyu daga ƙarƙashin katifata, na yi kwana uku ina yankan ciyawa. A cikin akwatin nan kuwa akwai wani littafin Turanci da yayata ta ba ni, wanda abin da ke cikinsa ya ninka na Hausan sau goma. Malamar ta ɗaga shi, ta juya bangon, ta ce, "Yawwa, irin wannan za ki riƙa karantawa, Turancinki ya gyaru." Ta mayar mini da shi.

Na daɗe ina ba da wannan labari don a yi dariya. Sai da na karanta tarihin Ngugi wa Thiong'o na Kenya dariyar ta ɗauke. Tun 1964 yake fitar da littattafai da Turanci, yana sukar mulkin mallaka da waɗanda suka gaje shi, ba wanda ya taɓa shi. Littafinsa na 1977, mai caccakar masu kuɗi da masu mulkin ƙasar, minista ne ma ya ƙaddamar da shi. A wannan shekarar dai ya haɗa kai da manoma da leburori a ƙauyen Kamiriithu suka shirya wasan kwaikwayo da harshensu na Gikuyu, su ne 'yan wasa su ne 'yan kallo. Gwamnati ta dakatar da wasan, a ƙarshen Disamba aka kama shi, ya shekara a kurkukun Kamiti ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. A can ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu, a kan takardar bayan gida. Ra'ayinsa bai canza ba tsakanin littafin da minista ya yi wa biki da wasan da ya kai shi kurkuku. Masu sauraro ne suka canza.

Mu dawo gida. A 2016 Abubakar Adam Ibrahim ya ci gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai kyautar dala dubu 100, da labarin wata Bahaushiya mai shekara 55, mijinta ya rasu har ta yi jikoki, wadda ta faɗa soyayyar ɓoye da matashin ɗan daba mai sayar da wiwi. Littafi ne mai kyau, mun yi alfahari da shi, mun karanta shi a jami'a. Da Turanci yake. Na sha tambayar abokan karatuna: da a ce da Hausa ya rubuta shi kalma da kalma, ya kai shi Kano ya ce a buga, me kuke jin zai faru? Kowa sai ya yi murmushi ya kau da kai. Turanci ya zama sabon Gizo. Yana ba marubucin Arewa inuwar da zai faɗi abin da ya ga dama, domin waɗanda za su fusata yawancinsu ba za su karanta ba, waɗanda za su karanta kuma an ɗauka idonsu ya riga ya buɗe.

Sai dai kuɗin hayar wannan inuwa da tsada. Matar da aka rubuta labarin a kanta, wadda ke zaune a ɗaki da irin wannan ciwon, ita ce ba za ta taɓa jin sa ba. Ka sami damar magana, amma an fitar da wadda ake maganar a kanta daga ɗakin. Magabata sun san wannan lissafi sarai. Nana Asma'u 'yar Shehu ta iya Larabci, da shi take rubuta wa malamai. Da ta tashi isar da karatu ga matan karkara sai ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, ta ɗora wa jagororin ƙungiyarta ta mata, 'Yan Taru, waɗanda ake kira jaji, su kai ƙauyuka. Zaɓen harshe a wurinta zaɓen wanda zai ji ne. Haka yake har gobe, shi ya sa mai rubutu da Hausa ya fi fuskantar tuhuma: ba wai ya fi kowa rashin kunya ba ne, shi ne dai wanda maganarsa ke shiga har uwar ɗaka babu tafinta.

Akwai wata tacewar da ba ta da ofis, tana cikin harshen kansa, kuma ita ta fi ba ni wuya. Hausa harshe ne mai kunya. Muna da sakaya zance, muna kuma alfahari da ita, ni ma ina yi. Marubucin da ya ƙware zai rufe ƙofar ɗakin amarya da jimla ɗaya, mai karatu ya gane komai, ba a zubar da mutuncin kowa ba. Wannan gwaninta ce da yawancin masu rubutun yanzu suka rasa. Amma ku dubi yadda muke sakaya ta'asa. Idan babban mutum ya yi wa yarinya fyaɗe, sai mu ce ya ɓata ta. Ku saurari kalmar da kyau: wa ya ɓaci a cikin jimlar? Yarinyar. Shi yana nan garau. Ko mu ce tsautsayi ya faɗa mata, ko ƙaddara ta same ta, kamar ruwan sama ne ya sauko babu mai hannu a ciki. Miji ya lakaɗa wa mace duka har ta yi ɓari, a ce sun ɗan samu saɓani. Daga nan sai a rufe da "a rufa asiri", kuma kusan kullum asirin mai laifin ne ake rufawa, ita wadda aka zalunta ai nata ya riga ya tonu a unguwa.

To marubuciyar da ta ƙi waɗannan kalmomi, ta kira abin da sunansa, ta ɗora aikin a kan wanda ya aikata, sau da yawa ita ake cewa ta yi batsa. A nan ne nake ganin an cakuɗa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Akwai rubutun da ke kwaɗaita wa mai karatu alfasha, akwai wanda ke sa tsigar jikinsa ta tashi ya ƙyamace ta. Dukansu suna iya ambatar abu ɗaya. Mai tacewar da ke farautar kalmomi, yana ja musu layi da jan biro, ba zai iya bambance su ba, don bambancin ba a kalma yake ba, yana cikin inda labarin ya sa gaba. Sai an karanta littafi daga farko har ƙarshe ake sanin haka, abin da ba a yi wa littafin da aka jefa a wuta.

Ba zan yi wa masu ƙorafi rashin adalci ba. Batsa tana nan, ba ƙage ba ne. Duk mai waya ya san irin labaran da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Wattpad, waɗanda ba su da wata manufa sai tayar da sha'awa, ana sayar da su shafi-shafi, a tura kuɗi ta banki ko katin waya a saka mutum a zaure. Yarinya 'yar shekara 13 tana iya samun su cikin minti biyu. Uwar da hankalinta ya tashi a kan wannan ba maƙiyiyar adabi ba ce, kuma in na haifi tawa ni ma hankalina zai tashi. Abin tambaya shi ne ko maganin da ake bayarwa yana kai wa ga ciwon. Hukuma tana iya isa ga wanda ke da adireshi: marubucin da ya sa sunansa na gaskiya, mai maɗaba'a, mai rumfa a kasuwa. Waɗannan su ne da ma suke taka-tsantsan, don suna da mutuncin da za su rasa. Wadda ke zuba alfasha da sunan aro, ba a san garin da take ba, ba ta ma san ana yi ba. Sai ya zamana an matse mai fuska, an bar wa marar fuska fili.

Abin dariya, wanda ya fara kiran intanet yanar gizo bai san ya yi duba ba. Gizon da aka sallama a shekarun 1980 ya dawo da gidansa sukutum. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa sunansu, sai Maman wance, Ummu wane, 'Yar gidan wane. A bayan wannan labule wasu suna ɓarna, wasu kuma suna rubuta abin da ba a taɓa rubutawa da Hausa ba: ciwon yoyon fitsari, shaye-shayen matan aure, ciwon damuwa bayan haihuwa, 'yar aikin da maigida ya lalata aka kore ta da ciki. Wasu labaran ana karanta su a YouTube, wadda ba ta iya karatu ba ma tana saurare tana tuƙa tuwo.

Amma kada a zaci a can an tsira. Wata ƙawata da ke rubutu a irin waɗannan zauruka ta nuna mini saƙonnin da ke shigo mata. Ta sa tauraruwar labarinta ta nemi saki daga mijin da ke dukanta, sai aka yi mata ca: kina koya wa mata fita daga gidajensu, ki ji tsoron Allah. Ta sa kishiya ta zama mutuniyar kirki, sai wasu suka ce in ba ta haukatar da ita ba a mayar musu da kuɗinsu. Ta haukatar da ita. Masu biya sun fi kowace hukuma kaifin almakashi, don su kullum suna nan, kuma abincinka yana hannunsu. Bayan su akwai na cikin gida, wanda ba ya ma buƙatar yin magana. Kafin in rubuta jimla nakan ji muryar Baba, da ta ƙanwarsa Goggo tana cewa, "Yanzu ke da hannunki kika rubuta wannan? Wa zai auri mai irin wannan tunani?" Namiji ya rubuta labarin ɓarawo ba a ce ya taɓa sata ba. Mace ta rubuta labarin karuwa, sai a fara tambayar a ina ta sani.

Ranar da na kai wa malamin da ke duba kundina babi na uku, ya karanta ya ajiye tabarau, ya ce, "To, Malama, kin soki kowa. In aka ba ki kujerar, me za ki hana?" Na so in ce babu komai, na ga ƙarya zan yi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zan hana a sayar wa yara abin da ba nasu ba, zan sa a riƙa rubuta shekarun mai karatu a bango kamar yadda ake yi wa fim. Wanda ya yi wa wani ƙazafi ko ya tunzura jama'a a kai shi kotu, a karanto dokar da ya karya, ya kare kansa, ya ɗaukaka ƙara in bai gamsu ba." Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce sai an ba mutum lasisi kafin ya rubuta. Hukunci bayan magana yana kama wanda ya yi laifi. Neman izini kafin magana yana kashe littafin da ba a kai ga rubutawa ba, kuma ba wanda zai taɓa sanin adadinsu, tunda ba su bar ko toka ba. Malam ya gyaɗa kai, sannan ya ce in cire sakin layi biyu da suka taɓo addini, ba don bai yarda da su ba, sai don yana so in kammala lafiya. Na cire. A wannan fagen ba hukuma ake tsoro ba, taron jama'a ake tsoro, kuma duk wanda ke zaune a Arewa ya san dalili.

BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, ta gajerun labarai, ta mata zalla. Bana na ce zan gwada. Labarin wata yarinya ce da aka kai riƙo gidan 'yar'uwar mahaifiyarta, da abin da mijin matar ya riƙa yi mata, da yadda gidan duka ya zaɓi kada ya gani. Na rubuta shi a fili, na karanta, hannuna ya yi sanyi. Na sake shi a sakaye, da "tsautsayi" da "ƙaddara", sai ya zama kamar ba wanda ya yi laifi. Na gwada shi da Turanci, ya fito sumul cikin dare ɗaya, ban ji komai ba, kamar labarin wasu mutane ne a wata ƙasa.

Da na je gida hutu sai wata dabara ta zo mini. Bayan sallar isha na zauna kusa da Iya, idonta ya yi rauni yanzu amma kunnenta ras. Na ce, "Iya, yau ni zan yi miki. Ga ta nan, ga ta nanku." Ta yi dariya ta ce, "Ta zo mu ji ta, 'yar boko." Na mayar da yarinyar 'yar akuya, na mayar da mutumin kura mai rawani da carbi, wadda aka ba amanar garke. Na bi labarin tiryan-tiryan ban rage komai ba, abin da na kasa rubutawa ya riƙa fitowa da kansa. Da na kai ƙarshe na ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta daɗe shiru tana murza carbinta, sannan ta matso, ta rage murya yadda na tsakar gida ba za su ji ba, ta ce, "Wannan kurar, a gidan wa take?"